Allon Zulai Yana Jiran Ƙusarka

Daga biro, wato ofishin Shugaban Majalisar Masu Zayyana ta ƙasar Damagaram baki ɗaya, zuwa ga Malam Habu na Matameye, mazaunin Legas a halin yanzu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, muna roƙon duk ɗan Matameye ko Kance ko Dungu da ya ga wannan takarda a wayarsa, ya kai maka ita har rumfar da kake sayar da lemo, tunda an shaida mana akwai lambar da ka daina ɗauka wata bakwai ke nan.

Malam Habu, an kawo mana ƙarar ƙanenka Sabi'u, kuma mun zauna a kanta.

Mun san yadda kuke aiki ku biyu. In yaro ya sauke Alƙur'ani aka kawo allon da za a ƙawata masa, kai ke farawa. Ka kafa ƙusa a tsakiya, ka ɗaura zare, ka zaga da'ira, ka raba allo gida-gida, ka keɓe filin Fatiha wanda ba mai taɓawa. Kana yi kana riƙe numfashi. Sai ka tura masa ka ce, "Cika, amma kada ka tsallake layina." Shi kuwa ya cika da abin da ya ga dama. Ranar da ya ga kabewa ta hau dangar Inna, yaɗonta ya zuba a gidajen. Wata rana sawun zabi. Wata rana tawada ta ɗiga masa, maimakon ya kankare sai ya yi mata 'yan'uwa, kowane gida ɗigo ɗaya. Ka yi ta faɗa har la'asar. Wannan allon ne fa aka zo kallo daga Icirnawa.

Sai maganar saukar ɗan Alhaji mai shagon siminti. Ba sai an tuna maka ba, amma masu karantawa ba su sani ba. An rage jan tawadarka daga kurtu, aka cika da zoɓo mai sukari. Ka yi aikinka ba ka lura ba. Ranar walima yaro ya ɗauko allo gaban malamai, ja ya koma ruwan toka, kiyashi sun yi layi suna bin da'irarka kamar an aiko su su duba ko ta karkace. Mutane suka yi dariya. Sabi'u ya fi kowa, har da riƙe ciki. Kai kuwa ka koma gida. Ka wanke alƙalumanka, ka naɗe su a tsumma, ka ba Inna. Ko cirar gyaɗa ba ka jira ba ka shiga motar Kano.

Da muka tsare Sabi'u, ya amsa shi ya zuba zoɓon, ya ce ya ɗauka tun ɗigon farko za ka ji ƙanshin zoɓo ka bi shi da takalmi kamar kullum. Bai san ba za ka gane ba. Da ya ga ka yi nisa a aikin kuma, tsoro ya hana shi magana.

Ga abin da ya faru bayan tafiyarka. Sabi'u ya rantse ya bar wasa. Ya karɓi tsummanka wajen Inna, ya yi alluna uku shi kaɗai, komai a kan awo, ba yaɗo, ba ɗigo, in hannunsa ya so kaucewa sai ya ajiye alƙalami. Malaminku ya ɗaga na ukun, ya juya shi, ya ce, "Ba kuskure. Amma kamar gidan da aka share aka kulle." Sai haushi ya kama Sabi'u, ya kankare allon, ya jefar da zare da ƙusa, ya ce hannu ya je inda yake so. Hannu kuwa ya je. Yaɗo ya hau yaɗo, ba a gane inda aka fara, har wani reshe ya shiga filin Fatiha. Ya zauna yana kallon abin.

Wannan na ƙarshen allon Zulai ne, autarmu. Autarku, muke nufi. Juma'ar sama za ta yi sauka. Sau biyu ana kankare allon, masassaƙi ya ce in aka ƙara na uku zai tsage. Ita kuwa ba ta yarda a sayo wani ba, don kai ka zaɓo mata shi a kasuwa tun tana Izu goma. Kullum ta dawo makaranta sai ta leƙa ɗaki ta ga allo fari, ta fita ba ta tambaya. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Yaya, in na bi doka kamar kai, allon mutuwa yake yi. In na bi kaina, ɓaci yake yi. Ban san inda kake tsayawa ka bar mini wuri ba. Da ina ganin layinka takura ce, yanzu sai in ɗauki alƙalami in rasa abin da zan jingina da shi. Na kuma tuna duk faɗan da kake yi, ko sau ɗaya ba ka taɓa kankare abin da na zana ba.

Ban ce ka dawo don ni ba. In hanya ba ta yiwu, ɗauki wayar kawai, ka gaya mini yatsa nawa daga wuyan allo zuwa inda ake kafa ƙusa, in ja layin kana ji. In ka ga dama ka yi ta zagina har in gama. Shirun ne ba na iyawa.

Allah ya tsare mana kai a garin mutane, ya sa wa neman da kake albarka, ya sanyaya zuciyarka a kan wanda ya kunyata ka gaban malamai. Allah ya nuna wa Zulai ranar saukarta da allo a hannu. Amin.

Babu wata majalisa, Yaya, babu biro. A gindin dalbejiyar ƙofar gida nake zaune, Inna ma ba ta san na rubuta ba. Na san in ka ga sunana a sama ba za ka karanta ba, shi ya sa na ari babbar riga.

Ka yafe mini.

Ƙanenka, Sabi'u.