Tsamiyar Yelwa

Ɗanzomo,
Rani na biyar tun da aka yanke mana jiha daga Kano.

Zuwa ga jikata Asama'u, a ƙasar Polan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina lafiya, Ya raba ki da sharrin sanyin nan da kika ce yana daskarar da kogi. Mu nan da sauƙi, sai gwiwa da ta ƙi ni. Geron bana bai cika rumbu ba. Uwarki ta samu sauƙin tarin. Malama Cecilia ta ɗakin shan magani ce ke rubuta mini, na ce ta sa magana yadda ta fito, kada ta yi mata kwalliya.

An karanta mini saƙonki. Kin ce ban da karatun likita kina karanta labaran da matan ƙasar ke rubutawa, wai a cikinsu hannun da ke cinye daji shi ke cinye haƙƙin mace, kina tambaya ko akwai irin haka a gida. Da farko na ce amaryar tawa ta koyo tsiwar Turawa, za ta dawo ta hana ni tuwo. Yanzu dariyar ta ƙare, don abin ya zo har ƙofarmu.

Kin san ƙanwata Yelwa, wadda ta goye ki. Shekarar babban fari, da mahaifinmu ya rasu, aka raba gado. Maza muka ɗauki ƙasa, ita aka ce ta riƙe itatuwan gonar arewa, don a wajenmu itace ba ya bin gona, kowanne da mai shi. Gonar ta faɗa wa ƙanena, itatuwa na Yelwa. Da 'ya'yan tsamiya da garin kuka ta riƙa zuwa kasuwar Maigatari har ta raini marayunta. Kukokin sun bushe sun faɗi, tsamiya kaɗai ta rage, ita ce kuma ta tare yashin da ke gangarowa daga arewa.

To ƙanena ya rasu, ɗansa Hussaini ya gaji gonar. Masu motar itace da ya sayar wa tsamiyar sun zo, sun yi mata saran shaida a gindi, gobe za su dawo da gatura. Hussaini ya ce inuwarta na kashe masa gero, kuma bai taɓa jin gona ta mutum, abin da ya tsiro a kanta na wani ba. Yaron ba mugu ba ne, yunwa ce ta sa shi, ga iyali. Amma rashin sani ya fi dare duhu.

Na kai magana gaban mai unguwa. Yelwa ta sa mayafi za ta bi ni, aka aiko cewa ta zauna gida, namiji ya yi magana a madadinta. Ta ce mini ranar rabo ba a kira ta ba, ranar ƙwacewa ma ba a kira ta ba, ashe ita da tsamiyar duk a tsaye ake yanke musu hukunci. A wajen zaman na lissafa waɗanda suka shaida rabon, aka ce duk suna ƙasa, bakin mutum ɗaya kuma bai isa ba. Wani ma ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Ni da na san inda kowace rijiyar garin nan ta ƙafe.

Ba na sa ran nasara, Asama'u. In a labaran naku matan kan tsira da itatuwansu, ki aiko mini yadda suka yi. In ba sa tsira, ki bar shi a cikinki.

Uwarki na gaishe ki, da Goggo Mairo, da Adda da yaranta. Yelwa ta ce ta ajiye miki curin tsamiya na kunu, ki dawo kafin ya yi baƙi. Hussaini ma na gaida ki, jininki ne.

Gobe in Allah Ya kai mu, daga masallacin asuba zan ɗauki ƙugiya, Yelwa ta ɗauki kwando, mu je mu kaɗe 'ya'yan tsamiyar da suka rage a sama. In za su sare, su sare mai ita na tsaye tana kallonsu.

Ni ne kakanki,
Haladu na Ɗanzomo.