Tun Da Muka Dawo Asibiti Nama Ya Ɓace

Don Allah a taimaka mini da shawara, wani abu ya hana ni sakewa.

Allah ya ba ni jika ta fari, mace, tun da aka haife ta bakina bai rufu ba. Amaryata nake ce mata. Saboda ita na dawo gidan ɗana da zama, ɗakina yana kallon kicin. To kwanakin baya ya kai ni asibiti aka auna ni. Da muka fito ya ce in jira a benci, ya koma wurin likita shi kaɗai. Tun ranar ban sake ganin nama ba.

Surukata sai ta ɗora ruwan taliya, ta yanka laimar kwaɗi ta soya da albasa da tafarnuwa har ta yi ja, ta watsa alayyahu, ta juye taliyar a kai. Kafin in gama alwala an sauke. Laimar nan da muna yara a juji muke ganinta, ana kwaɓarmu kada mu taɓa. Ta ce wannan ta kanti ce, nomanta ake yi. Na ɗauko robar da aka sayo ta a ciki na duba da ɗan karatuna na ajin yamma, haka ne. Gishirin ma sai ka nema. Na leƙa kwanonsu, iri ɗaya ne, amma wa ya san abin da ake ci in na rufe ƙofa? Da daɗi, ban musa ba, shi ya ƙara tsorata ni, na ce lallashina ake yi. Me likita ya faɗa? Ni dai ina son in ga amaryata ta fara tafiya.

Angon Jaririya

Baba, barka da amarya, Allah ya raya ta.

Zarginka ba a banza yake ba. Jikinka ne, kai ya kamata ka fara ji. Ka ce wa ɗanka ku koma tare, likita ya yi bayani a gabanka. Sau da yawa rage nama da gishiri maganar hawan jini ce, kuma ana daɗewa da shi in an kiyaye.

Amma ka cire surukarka daga zargi. Mai goyo girki mai sauri take nema. Laimar kanti lafiya lau ce, ta juji ce dai har yanzu kada ka taɓa. Kuma mutanen da suka haƙura da nama don kada ka zauna kana kallonsu, ba su cire rai da kai ba.

Gobe in surukarka ta ɗora ruwa, ka bar leƙen kwano, ka karɓi amaryarka ka riƙe. Allah ya nuna maka ranar da za ta tako da ƙafarta ta sa hannu a taliyarka.