Sawu a Kan Toka

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Yau a ajin manya da nake yi a zaurena mun ɗauki kalmar investigate. Na ce musu bincike ke nan, amma mai bin diddigi. Ɗan sanda yana yi in an yi sata, likita yana yi in ya tura ka awon jini, ɗan jarida ma haka. Audu ɗan acaɓa ya ce, "Malam, ni da aka sace mini mashin ita suka hwaɗa mini. Ma'anarta ka tahi gida ka yi haƙuri." Aka yi ta dariya. Shekara talatin da biyar ina koyar da Turanci, ban taɓa jin fassarar da ta kai wannan ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Na tashi daga barcin rana na tarar da gas a kunne, butar shayi ta ƙone ƙurmus. Kofi biyu a kan tabarma. Ni kaɗai ne a gidan nan tun rasuwar matata Dije, shekara biyu ke nan.

Talata, 6 ga Mayu

Ƙofar waje a kulle take, yadda na bar ta. To ta ina aka shigo?

Alhamis, 8 ga Mayu

Yau ma. Kofi biyu, ɗaya an zuba sukari har ya yi kauri, irin shan Dije. Na yi A'uzu na zubar.

Mairo ta kira. Ban gaya mata ba. 'Yar nan tawa dalili kawai take jira ta kwashe ni zuwa gidan mijinta a Kambarawa. "Baba, zama kai kaɗai bai yi ba," kullum. In na bar Ƙofar Marusa, aji ya mutu, ni kuma na zama tsohon da ake aje wa abinci a bakin ƙofa. Ba zan je ba.

Wanda ya koya wa mutane kalma ai sai ya iya aiki da ita. Zan bincika da kaina.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na karɓo toka wurin mai ƙosai, na tankaɗe ta da rariyar Dije a bakin kicin kafin in kwanta. Da na farka akwai sawu, shiga da fita. Ƙafar dama tana ɗan jan ƙasa.

Na daɗe a tsaye. Ni ma tawa tana ja tun faɗuwar da na yi a bara. Amma mutane nawa ne ke ɗingishi a Katsina?

Ban duba tafin ƙafata ba. Na yi alwala kawai.

Asabar, 10 ga Mayu

Na rubuta kalmar yau a allo, sai na ga suna kallon juna. Audu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wagga muka yi makon jiya. Da watan jiya ma." Na ce maimaici ne. Na sallame su da wuri.

Watan jiya? Ƙarya ne. Zan duba littafin nan in nuna masa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na duba.

Shafin Laraba, 9 ga Afrilu, da rubutuna, da jan birona: "Na tankaɗe toka a bakin kicin. Sawun nawa ne, na gwada. Ni nake dafa shayin, ni nake zuba mata. Kada Mairo ta sani."

Ban tuna rubuta shi ba. Ko harafi ɗaya. Na karanta har sau bakwai, kamar wasiƙar wani da ya san ni sosai.

Akwai sauran shafuka a baya, na Maris. Ban buɗe ba. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Talata, 13 ga Mayu

Mairo ta zo da tuwo. Na ce ta tafi da tukunyar gas, ta tsufa, tana yoyo. Ta duba ta ko'ina, sannan ta dube ni.

Da za ta fita na miƙa mata littafin nan. Na ce idona ya yi rauni, ta karanta mini abin da na rubuta daga farkon shekara. Ta aje shi kusa da ni, ta ce sai ta yi sallah tukuna.

Tana sallah yanzu. Ina rubuta wannan da sauri, don in na ce mata gobe ban san zancen ba, ta nuna mini nan. Mairo, ni na ba ki. Kada ki dawo mini da shi ko na roƙe ki.