Ba Zan Zo Sallah Ba

Guwanju, ƙasar Sin

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba da kowa. Yaya damina a Katagum?

Ina lafiya, ina rainon jaririn Yaya Kaltum. Abincinsu ne bai karɓe ni ba tukuna, amma ina ci.

Inna, ɗan jirgin feshin gona da mijin Yaya ya saya wa Baba, hukuma ta hana fitar da shi, wai irinsa ana yaƙi da shi. Dā shi zai kawo, in biyo shi gida. Yanzu ya fasa tafiyar. Na ji kunyar tambayarsa sai yaushe.

Ki ce wa Husaina ta ɗinka atamfarmu ta Sallah, kar ta jira ni.

'Yarki,
Hassana