Farin Abu a Harshen Fa'iza

Bunkure, 4 ga Fabrairu, 2007

Zuwa ga 'yata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Dalhatu da jaririnku. Kafin ki ci gaba, ki tabbata ke kaɗai ce a ɗaki. Wannan takarda ba ta idon surukarki ba ce.

Kin tambayi ƙanwarki Fa'iza. Tun da aka ɗora mu a kan maganin ƙanjamau, ni da ita, ta murmure har kumatu ta yi. Na daina ba ta Seftirin ɗin da ake haɗo mana da shi, don matan gidan nan sun fara sa ido a kan yawan kwalabenta. Na kuma sake ta tana bin ƙawayenta gona tsinkar tumatir, kada a ce ɓoye ta ake yi.

Sai dai ta tsiro da sabon hali, ta tasa tuwo a gaba tana hawaye. Kin san gidana, ba a tashi a bar abinci. Shagwaɓa ce, kuma zan raba ta da ita.

Mahaifiyarki,
Barira

Kano, 2 ga Maris, 2007

Sa'adiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jego, yaya mutanen Dawakin Kudu? Daga asibiti nake rubuto miki. Yau kwananmu tara.

Gudawa ce ta kama Fa'iza har ta kasa tsayuwa. Ashe in ƙishi ya dame su a gona, ruwan kanal, magudanar ban ruwan gonaki, suke kamfata da hannu su sha. Sauran yaran ƙalau suke. Likita ya ce maganin yana danne cutar, amma garkuwar jikinta ba ta gama dawowa ba, abin da wani yaro zai sha ya kwana lafiya ita zai iya kai ta kabari. Ya tambayi Seftirin, maganin da zai kare ta daga irin wannan ciwo. Ni da na gama sakandare, ni da nake karanta wa maƙwabta takardun asibitinsu, na sunkuyar da kai.

Wannan ma da sauƙi. Da nas ta haska bakinta da tocila, ta kira ni in gani. Wani farin abu kamar kindirmo ya lulluɓe harshenta har maƙogwaro. Ta ce ya kwana biyu a wurin, haɗiyar yawu ma azaba ce. Ta tambayi Fa'iza dalilin da ba ta faɗa ba. Yarinyar ta saci kallona, ta ce wai ta fara faɗa, sai Umma ta ce ba a magana ana cin abinci.

Sa'adiyya, sau uku na dake ta a kan tuwon nan. Ranar ƙarshe na tsaya a kanta da tsumagiya har ta share kwanon, ina ta yi mata wa'azin godiyar Allah. 'Yar shekara takwas. Nas ta kashe tocilarta ta wuce, da ma zagina ta yi.

Jiya ta sha kunu rabin kofi, ta kuma nemi gafarata don ta rage. Fita na yi bayan ɗakin jinya na zauna.

Ki gaishe da Malam Dalhatu. Idan za ki faɗa masa, ki faɗa masa duka, har da tsumagiyar.

In Allah ya sa aka sallame mu, ga dokar gidana, kuma ta shafi naki ranar da Fa'iza ta zo hutu. Ruwanta tafasasshe ne a gora, ko'ina za ta. Ba a tsallake ƙwaya ɗaya don idon kowa. Kuma duk yaron da ya ture kwano, za a ajiye faɗa, a ce ya buɗe baki a duba.

Mahaifiyarki mai neman addu'arki,
Barira