Yaya Isufu, Tabo Biyu a Gefen Taguwa

Zuwa ga yayana Isufu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan ta same ka da rai da lafiya a duk ƙasar da Allah ya ajiye ka. Ƙanwarka Rakiya ce. Ban san inda zan aika ba, shi ya sa na rubuta a fili, ko wani mai karantawa ya san wanda ya san ka.

Ka tuna shekarun da ruwa ya ƙi sauka? Kana babbar lakwal, makarantar boko, ni ina ƙarama. Wani mushenku, malami baƙo, da zai koma ƙasarsu ya bar maka madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda kuke ce wa jumel. Ya gaya maka cewa can arewa akwai garuruwan taurari biyu kusa da juna, kowanne da taurarin da ba su ƙirguwa, amma nisa ya mai da su kamar tabon toka. Daga ranar ba ka sake zama tsakar gida bayan isha ba. Kullum kana saman soronmu na Wadata, ni ina biye da kai da tabarma.

Inna ba ta so. Takan ɗaga murya daga madafa ta ce, "Duniya na neman hadari, kai kana neman toka!" Amma ita ce ke ajiye maka tuwon jar dawar taimako a rufe har ka sauko.

Mun daɗe muna lalube a banza. Sai tsoho Agali, Buzun da fari ya kashe wa raƙuma ya zo Yamai yana gadin kantin maƙwabta, ya tambaye ka abin da ka ɓatar a sama. Ka nuna masa taurari bakwai ɗin nan manya, ka ce kusa da su ne. Ya ce su a wajensu taguwa ce, wato macen raƙumi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ita kaɗai ta rage mini." Sai ka miƙa masa madubin.

Da bazara taguwar ta hau sama sosai. Wata rana kuran ya ɗauke, babu lantarki, unguwa ta yi duhu. Ka ja layi da yatsa daga wannan kusurwar jikinta zuwa waccan, ka zarce gaba, sai ka tsaya cak. Ka ga ɗaya, mai siffar ƙwai. Na biyun ya ƙi maka. Ka ɗora mini madubin a ido, ka riƙe gwiwar hannuna don kada ya yi rawa, ka ce kada in kafe ido, in ɗan kalli gefe. Sai ga shi, siriri kamar ƙwayar shinkafa, yana kwance kusa da ɗan'uwansa. Na yi ihu. Ka yi ta sa ni ina maimaita maka kamanninsa har ka gan shi da kanka.

A lokacin ne soji suka karɓi mulki, aka hana fita da dare. Wani soja mai sintiri ya hango mu, ya hawo da bindiga a kafaɗa, ya ce wa kake leƙe. Kai kuwa ka ce ya duba da idonsa. Ya duba, ya daɗe. Da ya sauke madubin sai ya ce, "Can ma ba hadari?" Ya ce garinsu an yi shuka ta ƙone. Ya mayar maka da kayanka, ya ce mu sauka kafin wani ya zo wanda ba shi ba.

Bayan ƴan shekaru ɗalibai suka yi bore, aka fara kamu, aka ce da sunanka. Kawu ya saka ka cikin kamyon, babbar motar albasa mai zuwa ƙasar Kwaddebuwa. Ka rataya mini madubin a wuya, ka ce kafin taguwa ta sake hawa ka dawo. Saƙonka ya zo daga Abijan, ya sake zuwa, sannan shiru.

Yaya, Inna ta rasu. A ciwonta na ƙarshe ta ce in nuna mata tokar nan taka. Na fitar da ita tsakar gida, na riƙe mata madubin. Na san idonta bai ga komi ba, amma ta ce, "To, yaron yana da gaskiya."

Yanzu fitilun Yamai sun cinye sama. Sai ɗana ya kai ni bayan gari a mota kafin in same su, ni ma siririn ya fara ƙi mini. Na yi jikoki, ɗaya sunanka ne, ba na iya kiransa da ƙarfi.

In kana raye, Allah ya sa kana cikin mutanen kirki, ya juyo da zuciyarka gida. In ka riga mu, Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da Inna. Gidan yana nan, ba mu sayar ba. Sai dai da aka faɗaɗa titi ƙofar ta koma gabas. Kada ka iske bango ka zaci mun tashi.

Ƙanwarka mai jira,
Rakiya
Wadata, Yamai