Ku Bar Ni In Buga Da Ƙafata

Zuwa ga Shugaban kwamitin shirya gasar ƙwallon gem ta matasan Maiduguri.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Ni ne Modu na Bulumkutu, wanda alƙalinka ya tayar daga gaban talabijin ana dab da fara wasan kusa da na ƙarshe. Tun ina ƙarami fashewar bam ta raba ni da hannayena biyu. Da yatsun ƙafa nake danna rimot ɗin gem, a zaune kan tabarma. Haka na cinye duk 'yan unguwarmu har na iso wurinku, ba wanda ya ɗaga mini ƙafa.

Na farko, alƙalin ya ce ba zan taɓa rimot ɗin kwamiti ba, wai wulaƙanci ne a miƙa wa ɗan Musulmi abin da aka taka. To, na haɗiye wannan. Yayana ya ciro nawa daga jaka.

Na biyu, sai ya ce doka ta hana shigowa da rimot daga gida, don gudun maguɗi. Ikon Allah! Naku ƙafata ta yi masa ƙazanta, nawa kuma haramun ne. Da me zan buga, da haƙori? Wallahi na ji ciwo, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Abokin karawata, wani ɗan unguwar Shehuri, da kansa ya tashi ya ce shi bai damu ba, aka ce ya zauna.

An ɗage wasan zuwa Asabar, an ce in ban riƙe rimot kamar kowa ba, abokin karawata za a ba nasara. Wanda ya ci gasar nan shi zai je Abuja, kuma na daɗe ina wa tafiyar nan shiri.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku karɓi rimot ɗina tun yau, mai gyaranku ya kwance shi ya duba. In ba haka ba, ku ware mini ɗaya daga naku, ku shimfiɗa tabarma. Ba sassauci nake nema ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da gaɓoɓinka. Ranar Asabar zan zo da alwalata. Ƙafar nan da ake ƙyama, da ita nake kai loma bakina, da ita kuma na buga maka wasiƙar nan.

Wassalam.

Modu, Bulumkutu.